Jarin ɗan caca: lacca kan ƙwararrun 'yan karta na Las Vegas

An naɗi wannan lacca ta wani malamin lissafi a waya, aka rubuta ta tare da rage maimaici.

Assalamu alaikum. Tun da aka liƙa sanarwar nan nake shan tambaya, wai Malam caca zai koya mana? To ku kwantar da hankalinku. Hukuncinta yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ba ni da abin ƙarawa a kai. Ni malamin lissafi ne, kuma akwai wata tambaya a fanninmu da ba a taɓa gwada ta a fili kamar yadda aka gwada ta a teburan Las Vegas ba. Tambayar ita ce, mutumin da ya fi abokan karawarsa ƙwarewa, me ke sa ya tsiyace?

Mu fara da bilakjak, wasan da ake neman jimillar katunan hannu ta kusanci 21 ba tare da ta zarce ba. A 1956 wasu sojojin Amurka huɗu masu ilmin lissafi suka fitar da ƙa'idar da ta fi dacewa a bi a kowane hannu. Wanda ya haddace ta tsaf, kuma ya samu tebur mai sauƙin dokoki, gidan caca na cin sa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na duk abin da ya aza. Kaɗan ne ko? Ku lissafa. Dala 25 a kowane hannu, hannu 70 a awa, ka juya dala 1,750. Gida ya ɗauki kusan dala tara a awar nan, kana zaune ana kawo maka abin sha kyauta. Wanda ya iya ke nan.

Sai Edward Thorp ya zo, yana koyar da lissafi a jami'ar MIT ta Amurka. Ya nuna cewa katunan da suka riga suka fita suna canza abin da ya rage, saboda haka mai ƙirga su a ka zai san lokacin da rinjaye ya dawo wajensa. A 1961 wasu attajirai biyu suka yi masa tayin dala 100,000 ya je gidajen caca na birnin Reno ya gwada. Ya ce a'a, 10,000 ta isa. Da ya zauna ma, da dala ɗaya zuwa goma ya fara, sai da zuciyarsa ta daina bugawa sannan ya ƙara. Ya dawo da ribar dala 11,000. Ni ba ribar ce ta burge ni ba. Mutum ne da lissafi ke hannunsa, amma bai yarda da zuciyarsa ba sai da ya horar da ita.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Rinjayen mai ƙirgen kati yawanci kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne. A hannu 100, ribar da yake sa rai ita ce kwatankwacin azawa ɗaya tak. Amma hawa da saukar sa'a a hannu 100 ɗin nan kan kai azawa 11 ko 12, sama ko ƙasa. Kun ga hayaniyar ta ninka ribar sau goma da wani abu. Zai iya yin wata guda yana wasa babu kuskure ko ɗaya, kullum yana komawa gida da asara. In jarinsa ya ƙare kafin lissafin ya nuna kansa, ƙwarewar ba ta amfana masa komai ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To nawa zai aza? John Kelly, wani masani a cibiyar bincike ta Bell Labs, ya ba da amsa a 1956: ka aza wani kaso na jarinka daidai da girman rinjayenka. Ga mai ƙirgen kati, wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jari ba. Mai dala 10,000 bai kamata ya kai dala 100 a hannu ba. In jari ya ragu, azawa ta ragu da shi. Wanda ya ninka ma'aunin Kelly sau biyu, jarinsa ba zai yi girma ba ko ya shekara nawa, wanda ya wuce haka kuwa ƙasa zai yi, duk da rinjaye na wajensa. Ko a cikakken ma'aunin, yiwuwar wata rana jarinka ya koma rabi hamsin-hamsin ce. Shi ya sa da yawansu rabin ma'aunin suke bi, sun yarda su tafi a hankali su yi barci da dare.

Na taɓa zuwa taron malaman lissafi a Las Vegas, otal ɗin da aka sauke mu ƙasansa gidan caca ne, dole ta nan za ka ratsa in za ka ɗaki. Babu agogo a bango, babu taga. Kuɗi ma ba a aza su, sai an canza maka su zuwa wasu fayafayan roba masu launi, don kada hannunka ya ji nauyin abin da yake bayarwa. A wajen karin kumallo na saba da wani dattijo Bature mai ɗan littafi a aljihun riga. Ya nuna mini shi: kwanan wata, lokacin da ya zauna, lokacin da ya tashi, nawa ya shiga da shi, nawa ya fita da shi, sai layi na ƙarshe inda yake rubuta yanayin zuciyarsa. Katin bankinsa a ɗaki yake barin sa. Kuɗin ranar suna cikin ambulan, in ambulan ya ƙare wasa ya ƙare. Na ce masa in ka ji sa'a na tafe fa? Ya yi dariya ya ce wannan jin shi ne dalilin ambulan ɗin.

Foka kuma, wani wasan karta, daban take, domin ba da gida kake karawa ba, da mutane ne, gida na yankar ladansa a kowane zagaye. 'Yan wasan da suka daɗe suna cewa kada ka zauna a tebur sai jarinka ya ninka kuɗin zama sau 20 zuwa 40, a gasa kuwa sau 100. Chris Ferguson, zakaran gasar duniya ta 2000, ya taɓa tashi daga sifili ya kai dala 10,000 a intanet da dokar kada ya shiga tebur da fiye da kashi 5 na jarinsa, gasa kuma kashi 2. Abin da ya fi wa mutane wuya shi ne saukowa. Mutumin da aka saba gani a babban tebur, ya koma ƙarami kowa na kallo? Girman kai ya karya mutane da yawa a nan. Suna da kalma ta musamman, "tilt", ga halin da mutum ke shiga in an cinye shi ya fusata, ya fara azawa don ramuwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ku ɗauki Stu Ungar. Da yawa daga masana wasan suna ganin ba a yi kamarsa ba. Ya ci babbar gasar duniya a 1980 da 1981 da 1997. A ta ƙarshen ko kuɗin shiga, dala 10,000, ba shi da su, wani ne ya biya masa, suka raba dala miliyan ɗaya. Abin da yake ci a karta, inda ya fi kowa, sai ya kai shi cacar dawakai da ta wasanni, inda bai fi kowa ba, ga hodar iblis. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, da 'yan ɗaruruwan daloli a jikinsa. Archie Karas kuwa, wani ɗan caca, da dala 50 ya shigo garin a 1992, ya kai miliyan 40, a 1995 suka tafi cikin 'yan makonni, akasari a wasannin da gida ke da rinjaye.

Na ga hannu a baya. Bismillah.

Ɗalibi: Malam, to mai cacar ƙwallo a waya, nawa Kelly ya ce ya aza?

Madalla. Sa lambobin a cikin ma'aunin da kanka. Kamfanin ya riga ya cusa ribarsa a cikin farashin da ya ba ka, rinjayenka yana ƙasa da sifili. Ma'aunin zai ba ka sifili, ko kobo. Haka zai ba mai bilakjak da bai ƙirga kati ba. Mai ƙirgawar ma, a jihar Nevada, inda Las Vegas take, ba laifi ya yi ba, amma gida na da ikon ya ce ya tashi, kuma tebura da yawa yanzu na'ura ke gauraya katin bayan kowane hannu, babu abin ƙirgawa. Wasu kuma sun rage biyan wanda katunansa biyu na farko suka cika 21 daga uku-bisa-biyu zuwa shida-bisa-biyar, wanda shi kaɗai ya ƙara wa gida kusan kashi 1.4.

Na ji an kira la'asar. Wanda ke son ganin yadda aka fitar da ma'aunin ya same ni a ofis ranar Talata, ya zo da biro da takarda.