Horar da Dukkan Ma'aikatan Makaranta Domin Karɓar Yara Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Shugaban taro, shugabannin makarantu, malamai maza da mata, da iyayenmu na kwamitocin kula da makarantu, barkanmu da warhaka.

A shekarar 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya tare da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ko da makaho ne ko kurma ko mai shan inna. A nan Najeriya kuma, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika tun farkon 2024. Saboda haka dokoki muna da su, abin da ya rage shi ne mutanen da yaron zai tarar a makaranta.

Al'adarmu ita ce idan an kira bita a babban birnin jiha, sai a tura malami ɗaya ya yi kwana uku, ya dawo da takardar shaida, daga ranar kuma duk yaron da ke da wata lalura ya zama ɗan Malam wane. Sauran malamai su janye hannunsu, kuma ranar da aka yi wa malamin canjin wurin aiki, ilimin ya bi shi.

Alhali kafin yaro ya ga malamin aji, maigadi yake fara gani. Na taɓa ziyartar wata firamare inda na tarar da yarinya mai shan inna tana shan bulalar makara kusan kullum a bakin ƙofa, domin ba wanda ya taɓa zaunar da maigadin ya nuna masa cewa tafiyar da sa'o'inta ke yi cikin minti goma ita sai ta kusa awa ɗaya tana jan ƙafa. Mutumin ba mugu ba ne, umarnin da aka ba shi yake bi. A makarantar kuma akwai yaro mai farfaɗiya wanda idan ya faɗi kowa ke watsewa, har da malamai, don tsoron wai yawunsa zai shafa musu cutar. Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Abin da ake bukata shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juyar da shi gefe, kada a cusa masa cokali a baki, idan kuma ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Wannan ilimi mai shara da mai sayar da abinci a tara suna bukatarsa kamar yadda hedimasta yake bukata.

Shi ya sa nake roƙon a riƙa yin horon a cikin makarantar kanta, da Hausa, kowa da kowa a ɗaki ɗaya, kuma a maimaita shi kowane zango. A fara da harshe, a daina kiran yaro gurgu ko bebe alhali yana da sunan da aka raɗa masa. Malami ya saba da fuskantar aji idan yana magana saboda mai karanta leɓe, ya karanta da murya abin da ya rubuta a allo saboda mai raunin gani, ya dawo da mai ƙarancin ji layin gaba kafin ya yanke masa hukuncin taurin kai.

Masu horarwa ma ba su yi mana nisa ba. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, sannan a garuruwanmu akwai kurame manya da suka ƙware a maganar hannu, waɗanda ya dace a gayyato su a matsayin malamai, a biya su haƙƙinsu. Ina ba shugabannin makarantu shawarar su ware awa biyu a makon farko na zango mai zuwa, kuma takardar gayyatar ta haɗa da sunan maigadi da mai shara da masu abinci.