Abin da Mutanen Dā Suka Zaɓa Su Nuna a Siffar Ɗan Adam

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. A farkon shekarun 1940, wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jama'a, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, ya tsinci wani kan mutum na gasasshen yumɓu, ya ɗauke shi ya kafa a gonar doya domin korar dabbobi masu ɓarna. Daga baya kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a Jos, shi kuwa ya lura yana kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok a 1928, kuma daga nan duniya ta san al'adar Nok, wadda ta fara ƙera irin waɗannan siffofi wajen shekaru 900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikinsu a gidan tarihi na Jos, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne girman kai. A jikin baligi, kai bai wuce kashi ɗaya bisa bakwai ko takwas na tsayi ba, amma a wajen maginin Nok yakan kai ɗaya bisa uku ko huɗu. Sau da yawa akan ji masu kallo suna cewa ai mutanen dā ba su iya awo ba ne, kuma a ganina wannan hukunci ya yi gaggawa. Hannun da ya tsara kitso daki-daki, ya jera duwatsun wuya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga girar ido daidai da 'yar uwarta, ba zai jahilci tsawon ƙafa ba. Ya gina siffar ne kamar yadda ake gina tukunya, cikinta rami, sannan ya huda ƙwayar ido da hanci da baki, hudar da ke barin tururi ya fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe, wadda kuma ita ce ke sa idon ya zama kamar yana kallonka. Wanda ya san wuta da laka haka, da gangan ya girmama kai, domin a nan ado da matsayi da kamannin mutum suke taruwa.

Masarawan dā sun fi kowa tabbatar da cewa zaɓi ne. A bangon kaburburansu ana zana fuska ta gefe, ido kuwa ta gaba, kafaɗu suna fuskantar mai kallo, ƙafafu kuma sun juya gefe, tsayuwar da babu mahalukin da zai iya yin ta. Duk da haka sun yi kusan shekaru dubu uku a kanta, har da layukan awo: a wani zamani mai tsawo, murabba'i 18 daga tafin ƙafa zuwa matsirar gashin goshi. Manufarsu ita ce kowace gaɓa ta fito ta fuskar da aka fi gane ta, saboda sun yi imani mamaci zai buƙaci cikakkiyar siffarsa. Girman jiki ma matsayi ne, shi ya sa a allon dutse na Sarki Narmer, na wajen 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki ya ninka mai ɗaukar masa takalmi tsayi.

A Tell Asmar da ke Iraƙi, siffofin masu ibada na Sumeriyawa, mutanen dā na ƙasar, sun haɗe hannuwa a ƙirji, idanuwansu kuwa manya ne fiye da kima, kamar waɗanda ba sa son ƙiftawa a gaban abin bautarsu. Wata 'yar ƙaramar siffar mace da aka tono a Willendorf ta ƙasar Ostiriya a 1908, mai tsawon santimita 11 da shekaru kusan 30,000, ita ko fuska ba ta da ita, sai ƙirji da ciki da ƙugu.

Girkawa ne, wajen 480 kafin haihuwar Annabi Isa, suka fara sassaƙa mutum yana ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya kamar mai rai, kuma Turawa sun daɗe suna auna fasahar kowa da wannan mudu. Amma Girkawan ma saurayi marar aibi suka fi nunawa, wato su ma zaɓi suka yi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke asarar shaidar da za ta bayyana nufin maginan Nok. Binciken da jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ya nuna yawancin siffofin a farfashe aka binne su cikin ramuka, wasu kusa da kaburbura. Masu tonon ɓoye kuwa siffofin kawai suke cirewa su sayar a ƙetare, su bar ramin a hargitse, gawayin da ake auna shekaru da shi ya cakuɗe da ƙasar sama.