Yadda ake fiɗar tumbi a ciro leda daga cikin saniya ko akuya

Assalamu alaikum masu kallo. Ku dubi wannan akuyar da kyau. Ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya tashi, amma ciki ƙato kamar mai ɗauke da tagwaye. An ba ta maganin tsutsa har sau biyu, an ba ta kanwa, an ƙara mata dusa, shiru. Sai ta sansana abinci, ta ɗan taɓa, ta kau da kai. Ta rage tuƙa, kashinta kaɗan-kaɗan ne kuma a bushe. Ba juna biyu gare ta ba. Leda ce ta cika mata tumbi, kuma babu wani ruwan magani ko allura da za ta narkar da ita. Sai an buɗe an ciro. Yau aikin da za mu bi daki-daki ke nan.

Cikin dabba mai tuƙa ɗaki huɗu ne. Na farko kuma mafi girma shi ne tumbi, yana kwance a ɓangaren hagu, kuma na babbar saniya yana ɗaukar fiye da lita 100. A gabansa akwai ƙaramin ɗaki wanda cikinsa yake kamar saƙar zuma, sai mai shafi-shafi kamar littafi, sai na ƙarshe mai fitar da ruwan narkar da abinci irin na cikin ɗan Adam. Saniya ba ta tantance abin da ta lasa. Da harshe take naɗo shi ta haɗiye, taunawa sai daga baya. Da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, jikinta ya rasa sinadarin fosfaras da gishiri, sai ta koma bin juji tana cin ledar da aka ƙulla abinci, da igiyar buhu, da tsumma. Tumbi kuwa ba ya hutawa, yana juya abin da ke cikinsa sau ɗaya zuwa biyu a kowane minti. Wannan juyin ne yake murɗe ledojin su zama dunƙule guda mai tauri, wanda a saniya yakan kai kilo goma, ashirin, har fiye. Abu mai nauyi kuma, kamar ƙusa ko guntun waya, yana faɗawa ɗakin saƙar zuma. Tsakanin wannan ɗaki da zuciya tazarar 'yan yatsu ce kawai, shi ya sa ƙusa kan huda ta kai ga jakar zuciya.

Kafin a taɓa wuƙa, likita zai tabbatar. Zai sa abin sauraro a ramin kwiɓin hagu ya ƙirga motsin tumbi na minti biyu. A akuya ko tunkiya zai danna cikin da hannu biyu, ya ji dunƙulen mai tauri yana kai da komo. Idan ƙusa ake zargi, zai matse fatar bayan saniya daidai bayan tozo: mai lafiya za ta lanƙwasa baya ta sauka, mai ƙusa za ta ƙi, ko ta yi nishi. A asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, akan haɗa da gwajin jini, inda kuma akwai na'urar sikanin a duba ko ruwa ko mugunya ta taru a gefen ɗakin saƙar zuma. Idan jijiyoyin wuya sun kumbura sun yi tauri kamar igiya, ƙasan ƙirji ya tara ruwa, to ƙusar ta riga ta kai zuciya, fiɗa ba za ta yi amfani ba. Haka dabbar da ta kwanta ta kasa tashi. Sau da yawa asarar da ake yi a wannan aiki daga jinkirin mai dabba take, ba daga wuƙar likita ba.

Babban ci gaban da aka samu shi ne ba sai an sumar da saniya ba. A tsaye ake yi mata, idonta biyu. Dalili kuwa, idan aka sumar da mai tuƙa aka kwantar da ita, iska na taruwa a tumbi, abinci ya dawo maƙogwaro ya faɗa huhu. Magunguna biyu ne suka sauƙaƙa wannan: lidoken mai kashe zafin wurin da za a yanka, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, da zailazin mai sa dabba ta natsu, wanda kamfanin Bayer ya samar a Jamus a 1962.

Za a sa saniyar a matsattsen shinge, a ɗaure wutsiya don kada ta kaɗo datti. A aske kwiɓin hagu da faɗi, daga haƙarƙarin ƙarshe zuwa ƙashin ƙugu, a wanke da aidin ko kuloheksidin sau uku, daga tsakiya zuwa waje, a goge da sifirit. Sai allurar kashe zafi. Hanya mafi tsafta ita ce a bi jijiyoyi uku tun daga inda suka fito a ƙashin baya: ta ƙarshe a sashen ƙirji, da ta farko da ta biyu a sashen ƙugu. Kowacce a zuba mata mililita 10 zuwa 20 na lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Bayan minti goma zuwa sha biyar za a ji fatar wurin ta yi ɗumi, bayan saniyar ya ɗan karkace, a soka mata allura ba ta motsa ba. Wannan yana ba likita kusan awa ɗaya da rabi. Wanda hannunsa bai faɗa da wannan ba, yana iya jera allurar a layi biyu, ɗaya a bayan haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya a kwance ƙarƙashin ƙashin baya, amma wannan hanyar ta fi cin magani.

A nan ne ake kashe awaki ba da niyya ba, don haka ku saurara. Kowace mililita ɗaya ta wannan lidoken tana ɗauke da miligiram 20. Akuya ba ta son a wuce mata miligiram 6 a kowane kilo na nauyinta. Mai kilo 25 ke nan iyakarta mililita bakwai da rabi. Idan bai isa wurin ba, a surka shi da ruwan allura daidai wa daida ya zama 15, kada a ƙara magani. Idan aka zarce, za a ga ta fara rawar jiki, sai farfaɗiya. Zailazin ya fi wannan haɗari. Mai tuƙa tana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ba doki. Rabon akuyar nan mai kilo 25 ɗan mitsitsi ne ƙwarai, sai da ƙaramin sirinji irin na masu ciwon suga ake iya auna shi. Kuma ana guje masa ga dabbar da cikinta ya tsufa, don yana iya sa ta ɓari. Akuya da tunkiya a kwance ake yi musu, a kan ɓarin dama, a tokare wuya da ƙaramin matashi, baki ya kalli ƙasa don yawu ya zube waje.

Yanka a saniya daga sama zuwa ƙasa yake, tsawon santimita 20 zuwa 25, kamar faɗin yatsu uku a bayan haƙarƙarin ƙarshe. Fata, sai tsoka hawa uku, sai siririn tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Da an huda tantanin za ku ji iska ta shiga, fuu. Likita zai fara zura hannu ya laluba cikin tun hannun yana da tsafta, ya ji ko wani wuri ya manne.

Yanzu ga matakin da rayuwar dabbar ta rataya a kansa. Ruwan tumbi cike yake da ƙwayoyin cuta. A cikin tumbi masu amfani ne, su ke narkar da ciyawa. Amma ko cokali kaɗan ya zuba a ramin ciki, tantanin na iya ruɓewa, dabbar ta yi zazzaɓi, ta mutu cikin 'yan kwanaki bayan kowa ya ɗauka an yi nasara. Saboda haka ba a buɗe tumbi sai an jawo bangonsa waje an ɗinke shi da fata zagaye, ɗinki marar tsallake, yadda babu kafar da ruwa zai bi ya koma ciki. Wasu suna amfani da zoben ƙarfe mai ƙugiyoyi da aka ƙera don wannan aiki, ya fi sauri. Ɗinkin dai ya fi rufewa, kuma ga dabbar da za a daɗe ana jan leda daga cikinta, shi muka fi yarda da shi. Minti goman da za a ɓata a nan ba asara ba ce.

Sai a tsaga tumbin a sama, inda jijiyoyin jini ba su da yawa. Ledar ba ta fitowa da daɗi. Kada a finciko dunƙulen gaba ɗaya, zai yage bangon. A yanka shi gunduwa-gunduwa daga ciki, a riƙa fitarwa. Idan wuri ya samu, a miƙa hannu gaba da ƙasa har ɗakin saƙar zuma, a bi ramukansa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a zagaya da maganaɗisu ya kwaso ƙusoshi da burbushin ƙarfe. Akan bar wa saniya maganaɗisu na musamman a wurin, ya zauna har ƙarshen rayuwarta yana kama duk ƙarfen da ta sake haɗiya.

Tumbin da ya daɗe da leda ƙwayoyinsa masu amfani sun ƙare. A samo ruwan tumbin dabba mai lafiya daga mayanka, sabon yanka, a tace da ƙyalle, a riƙe shi da ɗuminsa a rufe. Saniya a zuba mata lita 5 zuwa 10, akuya rabin lita zuwa ɗaya, a haɗa da ɗan ciyawa mai laushi. Shi ne yake sa a ga dabba ta koma tuƙa da wuri.

Rufe tumbi hawa biyu ne, da zare mai narkewa, kuma bakin yankan ya naɗe ya kalli ciki. Bayan hawa na farko, a wanke wurin da ruwan gishirin asibiti, a cire safar hannu, a sa sabuwa, a ajiye duk kayan da suka taɓa ƙazanta a ɗauko wasu, sannan a warware ɗinkin da ya riƙe tumbin da fata, a yi hawa na biyu. Sai tantani da tsoka, sai fata da zaren nailan. Ɗinki biyu ko uku na can ƙasa a yi su ɗai-ɗai, don in mugunya ta taru a kwance su kawai ta tsiyaye.

Bayan aiki akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko fenisilin na kwana uku zuwa biyar, ko oksitetirasaikilin mai dogon aiki, miligiram 20 a kowane kilo. A duba jikin kwalba a ga kwanakin da aka hana shan nono da cin nama, a kiyaye su. Na rage zafi kuma meloksikam, rabin miligiram a kowane kilo. Muna roƙon a bar diklofenak. Shi ne ya kusan ƙarar da ungulaye a Indiya da Pakistan da Nefal, domin idan ungulu ta ci mushen dabbar da aka yi wa shi ƙodarta ke lalacewa, har ƙasashen suka hana ba dabbobi shi a 2006. Akuya da tunkiya a ƙara musu allurar kariya daga sarƙewar haƙora.

Ranar farko ruwa da 'yar harawa kaɗan. Dusa da hatsi a jira kwana uku zuwa huɗu, a dawo da su sannu a hankali. A fesa maganin ƙuda a bakin ɗinkin safe da yamma, musamman da damina, don ƙuda kan yi ƙwai tsutsa ta cinye wurin. Idan kun taɓa gefen ɗinkin kun ji yana ƙaras-ƙaras kamar takarda, iska ce ta shiga ƙarƙashin fata, za ta baje da kanta. Amma idan zafin jikin saniya ya haura digiri 39 da rabi, ta gantsare baya, ta daina ci, a kira likita a ranar. In komai ya tafi daidai, ana cire zaren fata tsakanin kwana 10 zuwa 14.