Ciniki na tafiya, riba na zubewa: yadda canjin kuɗi da kuɗin ruwa ke taɓa manyan kamfanoni

Ranar 15 ga Janairun 2015, da hantsi, babban bankin Suwizalan ya fitar da wata gajeriyar sanarwa. Tun 2011 yake riƙe da kuɗin ƙasar, wato faran, don kada Yuro ɗaya ya yi ƙasa da faran 1.20. Ranar nan sai ya ce ya saki. Cikin 'yan mintuna faran ya yi tsalle da kusan kashi 30 cikin ɗari kafin ya ɗan lafa. Masu ƙera agogo a ƙasar ba su canja ko ƙusa ɗaya ba, masu saye ma suna nan, amma kowane Yuro da suka samo a waje ya ƙanƙance a hannunsu kafin azahar.

Abin da za mu duba ke nan, masu kallo. Kamfanin da ke aiki a ƙasashe da yawa yana sayarwa da kuɗi iri-iri, amma littafinsa da kuɗi ɗaya yake rufe shi.

Mu ɗauki misali. Wani kamfani a Jamus ya sayar wa Ba'amurke injina na dala miliyan 1, za a biya bayan kwana 90. Ranar da aka ƙulla ciniki, Yuro ɗaya daidai yake da dala ɗaya, don haka ya sa rai da Yuro miliyan 1. Kafin ranar biya, Yuro ya hau zuwa dala 1.10. Mai saye ya biya cif, bai rage sisi ba. Da aka canja, sai ga Yuro dubu 909 da 'yan kai. Kusan dubu 91 sun bi iska, kuma babu wanda za a kama da laifi. Idan dama ribar da ke cikin cinikin ba ta kai haka ba, to an yi aikin banza.

Akwai kuma asarar da ke kan takarda kawai. Reshen kamfani a Japan ya ci riba da yen, kuɗin na nan a Tokyo ba su motsa ba, amma da hedikwata ta juya lissafin zuwa dala sai ya ragu. Masu hannun jari wannan lambar suke gani. A Yunin 2022 Microsoft ya rage hasashen kuɗin shigarsa, dalili kuwa ƙarfin dala.

To, me ya ƙarfafa dalar? Nan kuɗin ruwa ya shigo. Daga Maris 2022 zuwa Yulin 2023, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kusan sifili zuwa tsakanin kashi 5.25 da 5.5. Kuɗi kuwa inda ake biyansa da tsoka yake bi. Masu zuba jari suka rungumi dala, Yuro ya faɗi ƙasa da dala ɗaya karon farko cikin shekara 20, sannan a Oktoban 2022 sai da aka ba da yen 150 kafin a samu dala guda.

Yanzu ku ɗauki kamfanin da ke da bashin dala miliyan 500, irin wanda ruwansa ke hawa da sauka tare da kasuwa. Ƙarin kashi 5 na nufin dala miliyan 25 duk shekara, ba tare da ya ƙara cin bashin ko kwabo ba. In kuma cinikinsa da wani kuɗi yake yi, duka biyu ya sha: ruwan ya ƙaru, dalar da zai biya da ita ma ta yi tsada. A ganina wannan ne ramin da ya fi zurfi. Shi ya haɗiye kamfanonin Tailan da yawa a 1997, lokacin da aka saki kuɗinsu, bat, ranar 2 ga Yuli: samunsu da bat, bashinsu da dala.

Kamfanoni ba sa naɗe hannu. Bajamushen nan zai iya zuwa banki tun ranar ciniki su tsayar da farashin da za a canja masa dalar bayan kwana 90, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Mai bashi ma zai iya yin musaya da banki, ya mayar da ruwan mai motsi ya zama tsayayye. Sai dai irin wannan kariya kuɗi take ci, kuma tana da wa'adi. Ranar da ta ƙare, sabon farashi na jira a bakin ƙofa.

Shi ya sa wasu ke kwashe masana'anta su kai inda kasuwa take. Tun 1994 BMW ke ƙera motoci a Spartanburg da ke Amurka: albashi da dala, ciniki da dala, abin da zai bi ta wajen canji ya ragu.

In kun buɗe rahoton irin su Coca-Cola, ku lura za ku ga lambar ciniki iri biyu. Ɗaya yadda ta fito a dala, ɗaya kuma an cire mata tasirin canji. Ta biyun ce ke nuna ko lemon ya ƙara shiga kasuwa, ta farkon kuma da ita ake biyan bashi.