Amsoshin Tambayoyinku: In Karya Farashi ko In Yi Haƙuri?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan makon kusan duk na 'yan kasuwa ne, don haka bari mu shiga ciki kai tsaye.

Ta farko daga unguwar Hotoro a Kano ta fito. Wani mai shagon kayan masarufi ya ce ya daɗe a wurinsa, sai ga wani ya buɗe shago daura da shi yana sayar da komai ƙasa da farashinsa, mutane sun fara komawa can. Yana tambaya ko shi ma ya karya farashi.

To Malam, kafin ka karya, ɗauko biro da takarda. A ce ka saro kaya a kasuwar Singa a kan naira 800, kana sayarwa 1,000. Ribarka 200 ke nan. In ka rage 100, mai saye zai ga ɗan ragi ne kawai, kashi 10 cikin 100, amma kai rabin ribarka ka yanke. Sai ka sayar da biyu kafin ka samu abin da ɗaya ke ba ka a da, kuma mutanen unguwarku ba ninkuwa suka yi ba. Wataƙila ma maƙwabcin naka uwar kuɗinsa yake ci don ya ja jama'a. Ba zai daɗe a haka ba, kada ka raka shi.

Ni abin da zan ce ka riƙe shi ne gyara. Mai tumatur ya auna ya ɗora biyu a kai, mai awo ya cika mudu ya ƙara da hannu, mai tsire ya yanko 'yar tsoka bayan ya gama naɗewa. Ba wauta ce ta sa suke yi ba. Farashinsu na nan bai motsa ba, su ke zaɓar wanda za su yi wa, kuma a kuɗin sari abin ya tsaya musu. Rangwame kuwa, in ka yi shi yau, gobe mai saye ya ɗauke shi haƙƙinsa ne, ranar da ka mayar da farashi sai a ce ka yi tsada.

Sannan ka duba waye yake zuwa shagonka. A unguwanninmu uwar gida ce ke ba da kuɗi, amma yaron aike ne ke zaɓar ƙofar da zai tsaya. Ka ajiye robar alawa don yaran nan. Ka ƙulle masa canjinsa cif a leda, don ranar da uwa ta ƙirga ta ga daidai, ita da kanta za ta ce kada a je ko'ina sai wurinka. Ka kuma tabbatar kana karɓar taransifa ko kana da POS. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka daina yawo da tsabar kuɗi, kuma wanda ka ce wa "sai kash" sau ɗaya, da wuya ya dawo. Sai dai ka duba asusunka da idonka, kada ka yarda da hoton da aka nuna maka a waya. Bashi kuwa, yana riƙe kwastoma, yana kuma rufe shago. Ka rubuta a littafi, ka sa wa kowa iyaka, wanda bai biya na baya ba ya dakata.

Wasiƙa ta biyu daga Gusau. Wata baiwar Allah ce mai sayar da atamfa da turaren wuta daga gida. Ta ce kullum tana ɗora hotuna a status ɗinta na WhatsApp, mutane na kallo, amma ba mai tayawa.

Hajiya, na san irin wannan. Hoto talatin a jere, ba farashi, sai "a yi min magana". Mace da yawa na jin nauyin tambaya ta ƙi saye, sai ta wuce abinta. Ki sa farashi a jikin kowane hoto, ki rage yawansu, ki ɗauka da hasken rana don launin atamfar ya fito yadda yake. Abin da kika ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, shi ya sa ya fi ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ki jera kayanki a wuri ɗaya inda za su zauna. Akwai kuma hanyar aika saƙo ɗaya ga mutum har 256 a lokaci guda, amma sai wanda ya ajiye lambarki ne zai samu. Don haka duk wadda ta saya, ki roƙe ta ta ajiye lambar. Turaren wuta kuma ba a jin ƙamshinsa ta waya. Ki ƙulla ƙanana-ƙanana, ki jefa ɗaya a ledar duk wadda ta sayi atamfa, ki kuma tafi da su gidan biki da suna.

Ta uku daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wani tela ya ce da azumi ɗinki ya fi ƙarfinsa, bayan babbar Sallah kuma sai zaman kashe wando.

Malam tela, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ku da kanku kuke korar mutane. Kowa ya san labarin wanda ya kwana a shagon tela daren Sallah. Ka ƙirga kayan da kekenka zai iya ɗinkawa a rana, in ka cika ka ce ka cika. Mutumin da ka mayar wa da yadinsa cikin mutunci zai dawo, wanda ka sa ya je Idi da tsohuwar riga ba zai dawo ba, kuma sai ya gaya wa duk majalisarsu. Ka ajiye littafin awo da lambobin waya, tun watan Sha'aban ka fara kira, wanda ya kawo da wuri ka ɗinka masa jakar hula ko ka goge masa kyauta. Lokacin da kasuwa ta kwanta, ka nemi ɗinkin kayan makaranta da na Islamiyya da anko.

Akwai gajeren saƙo daga Kaduna, wata mai yin dambun nama tana tambaya ko ta biya masu mabiya a TikTok su tallata mata. 'Yar'uwa, ki fara tambayar kanki ko za ki iya aika kaya duk garin da aka nema, ko kuma kina da abin da za ki cika oda ɗari in ta zo a rana ɗaya. In ba haka ba, ki kai ɗanɗano ofisoshi da shagunan da ke kusa da ke, da lambarki a jikin roba. Ranar da kika yi niyyar shigar da shi manyan kantuna, za su nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, gara ki fara bin hanyarta tun yanzu.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya kan rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da wasiƙarka za mu fara mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.