Jawabin Maraba Daga Zumuntar Matan Bariki Ga Babanmu Rabaran

Babban baƙonmu, Babanmu Rabaran, wanda ya zo mana a madadin hukumar masu bishara ta ekilisiya, ranka ya daɗe. Wakilin Kwamanda, ranka ya daɗe. Fastonmu na soja, da Fada, da Malam Liman na masallacin bariki da ya amsa gayyatarmu ya zauna tare da mu, Allah ya ƙara girma. Samanja, Magajiya uwar bariki, dattawanmu, 'yan'uwana matan soja, da 'ya'yanmu na baya can da ake ta fama da su su yi shiru, ina gaishe ku duka da sunan Ubangiji.

Baba, sannu da zuwa, sannu da hanya, sannu da sanyin Rukuba. Mun ga ka shigo da rigar sanyi biyu, ba mu yi dariya ba, don mu ma da muka shekara da shekaru a nan har yanzu hunturun Jos bai san mu ba. An ce in yi maka maraba a madadin Zumuntar Mata. Ni matar saje ce, mai igiya uku, ban saba tsayawa gaban manya ba, in harshena ya karkace a yi mini haƙuri.

Mun ji an ce ka zo ne ka ga 'yan aikinka biyu, tsohon mai bishara da uwargidansa, waɗanda dukan bariki ke kira Baba da Mama. Ga su can a benci na biyu. Mun roƙe su su zauna a gaba, Mama ta ce kujerar roba tana sa mata ciwon baya. Na san in ka tambaye su me suke yi a nan, Baba zai ce maka "muna dai gaishe-gaishe," ya yi shiru. Shi ya sa mata suka ce kada in sauka sai na faɗa maka abin da gaishe-gaishen nan ya ƙunsa.

Tarihin aikin bishara ba ni ce zan koya maka ba. Kai ne ka koya mana cewa a 1893 samari uku masu bishara daga ƙasar waje, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka a Legas, biyu daga cikinsu ba su cika shekara ba suka kwanta dama, kuma a 1948 aka kafa EMS, hukumar masu bisharar nan da ka zo a madadinta, domin 'yan ƙasa su tura nasu 'yan aiken. Ta wannan ƙofa Baba ya shiga tun yana saurayi mai keke, ya yi ƙauyukan da mota ba ta zuwa, Mama tana biye da shi da goyo. Da lokacin hutu ya yi, kowa ya ɗauka za su koma gida su rungumi jikoki. Sai suka kama ɗaki a bakin bariki, suka nemi izinin shiga, suka ce wa Fastonmu: ga mu, ba albashi muke nema ba, a nuna mana inda ake bukata. Gaskiya ranar da aka gabatar da su a majami'a na ce a raina, waɗannan tsofaffi da suka haura 70, su da ya kamata a yi wa hidima, me za su iya a bariki? Na ci maganata, Baba Rabaran, har na sha ruwa.

Kafin a busa begilar asuba sun tashi. Lokacin da maza ke tafiya fareti, Baba yana kan tsohon babur ɗinsa yana bin layi-layi, yana kwasar yaran da iyayensu maza ke bakin daga, uwa kuma tana fama da jariri ko tana kwance. Ya kai su ƙofar makaranta, ya tsaya sai ya ga sun shiga, don ya san halin 'yan bariki, wani in ka juya baya sai ka same shi a kasuwar Mami yana kallon masu gasa kifi. Mama kuma tana asibitin bariki da fulas ɗin kunu. Ranar awon ciki da ranar rigakafi ba ta fashi. Ita ce mai riƙe wa yarinya jaka, ita ce mai fassara tsakanin nas da amaryar da aka kawo daga ƙauye wadda ba ta jin Turanci, Hausar ma sama-sama. In abu ya fi ƙarfin nan aka ce a tafi Jankwano ko babban asibitin koyarwa, ita ce a bayan mota.

Da rana aikin takarda ne. Baba yana da wata jakar fata da ta girmi yawancinmu, cike da biro da kwafin takardu. Matan da suka rasa mazajensu su ne suka fi sanin darajar jakar nan. Soja yakan rubuta sunan magajinsa tun yana kurtu, kafin ya yi aure, ya sa sunan uba ko wa, ya manta bai canza ba. Ranar da ta Allah ta kasance sai matar ta tarar sunanta ba ya ko'ina, ga 'ya'ya, ga dangin miji sun iso da mota. Baba ya zauna tsakaninsu sau nawa, ban iya ƙirgawa ba. Ba ya ɗaga murya. Yakan bar baban marigayi ya yi magana har ya gaji, sa'an nan ya ɗauko ƙaramin yaron ya ɗora masa a cinya ya ce, "To wannan fa, wa zai biya masa kuɗin makaranta?" Yanzu duk sojan da ya kawo amarya, gaisuwar farko da Baba zai yi masa ita ce, "Ka gyara takardarka?" Har samari sun mai da ita abin tsokana a tsakaninsu.

Amma aikin dare shi ne na fi so ka ji. Wannan bariki, mazaunin Runduna ta 3, sunan Birgediya Janar Maxwell Khobe yake ɗauke da shi, ɗan Adamawa da ya yi suna a yaƙin Saliyo, ya rasu a 2000. Magajiya ta ga wancan zamani. Takan ba mu labarin yadda mazajensu suka tafi Laberiya a 1990 a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ba wayar hannu, don sai a 2001 ta shigo ƙasar nan. Mace ta kwana da rediyo a kunne tana jiran labaran asuba, wasiƙa kuma sai wanda ya dawo hutu ya kawo. Mukan ce mata sun sha wuya, ita kuma ta ce mu ne muke shan wuya, kuma na fara yarda da ita. Su shiru ne ya dame su. Mu kuwa tun zamanin rundunar yaƙi da Boko Haram ta Lafiya Dole, har aka mai da ita Haɗin Kai a 2021, har zuwa dazuzzukan Zamfara, wayar da ke hannunmu ita ce ke hana mu barci. A kai hari da yamma, kafin dare hoto ya cika WhatsApp da Facebook, mace tana buɗa hoton gawa da yatsu biyu tana duba ko takalmin mijinta ne.

Ni kaina na yi wannan duban. Maigidana yana wajen Tafkin Chadi, wayarsa ta mutu mako 3, ina da tsohon ciki. Wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya dai, ta turo mini wani hoto da dare. Ban san lokacin da na fita tsakar layi ba ɗankwali. Mama ce ta zo ta kama hannuna ta mai da ni ɗaki. Ba ta ce mini yana raye ba, ba ta ce ya mutu ba. Ta karɓi wayar ta jefa a jakarta, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, tsohuwa mai ciwon gwiwa a kan siminti cikin sanyin Disamba, ta ce, "Ni ma ban sani ba, 'yata. Za mu jira tare." Kwana 4 ta yi a ɗakina. Ga maigidan can a bakin ƙofa yana sunkuyar da kai, ga kuma yaron da na haifa yana cikin masu surutun nan na baya. Wasu da Mama ta kwana a ɗakinsu labarin bai zo musu da daɗi ba, suna nan zaune cikinmu, su ma sun ce in gaishe ka.

Doka ɗaya suke da ita da ba su taɓa karyawa ba: ba sa sanar da mutuwa. Wannan aikin hukuma ne, da hafsa da Fasto ko Fada ko Liman. Ko sun ji ƙishin-ƙishin, bakinsu alaikum. Abin da suke yi shi ne, in masu sanarwa sun taho, Mama ta riga ta shiga gidan da sunan ta zo aron turmi, Baba kuma ya janye yara zuwa gindin mangwaro.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa su suke iya abin da wasu ba sa iyawa, na ga ba komai ba ne illa tsufan nan da na raina. Fastonmu mutumin kirki ne, amma yana da tauraro a kafaɗa. Matar kurtu in ta tsaya gabansa, kafin ta buɗe baki sai ta tuna mai gidanta yana sara masa, ta haɗiye rabin maganarta. Matashin mai bishara kuwa, ko waliyyi ne, ba zai shiga ɗakin matar da mijinta ke Barno ba, kafin ya fito labari ya kai Maiduguri. Tsoho da tsohuwarsa, su biyu tare, babu ƙofar da ba ta buɗe musu. Ba su da igiya, ba su da tauraro, ba sa rubuta rahoton kowa. Matar kanar tana durƙusa musu, matar kofur tana yi musu tsiwa kamar iyayenta. Bariki kuma wuri ne na masu wucewa, yau kana nan gobe an yi maka canji zuwa Sakkwato ko Fatakwal. Maƙwabtan da na tarar duk sun tashi, Baba da Mama ne kawai suka san wace ce ta yi ɓari bara, wane yaro ne ba ya cin wake.

Malam Liman yana nan, shi ne shaidata. Ba sa tambayar addinin gida kafin su ƙwanƙwasa. Mai jego Musulma tana samun kununta da ruwan wankanta kamar kowa, in kuma ana bukatar addu'a a gidan, Baba da kansa yake hawa babur ya ɗauko Liman. Da azumi Mama ba ta yawo da fulas a layin masu azumi sai rana ta faɗi.

Akwai kuma mazan da suka dawo da jikinsu lafiya amma barci ya ƙaurace musu. A buga ƙofa da ƙarfi su zabura, yara su fasa abin wasansu na Kirsimeti mazan su nemi wurin fakewa, wani ya koma kwalba, wani hannunsa ya fara saurin tashi a gida. Baba ba ya yi musu wa'azi. Dara yake bugawa da su, ko ya ce a raka shi gonar dankalinsa, ya yi ta noma har mutum ya fara magana da kansa. In ya ga abin na likita ne, ya ce, "Ni ma zan je a duba hawan jinina, zo mu tafi tare." Matan kuma yana son ba su labarin Dawuda a rafin Besor, inda mutum 200 suka gaji suka zauna da kaya, sauran suka tafi yaƙi, da aka dawo Dawuda ya ce rabon mai tsaron kaya daidai yake da na wanda ya je fagen fama. Mun ji labarin nan har mun haddace, amma ba mu hana shi maimaitawa.

Kada ka ce na mai da su mala'iku. Mama tana da baki, in ta ga ɗakinki da datti za ta faɗa miki a gaban baƙi. Baba kuma ba ya riƙe suna, dukanmu "'yata" ne, mazajenmu duka "kofur", har wani manjo ya taɓa amsawa.

To Baba Rabaran, baƙo ba ya zuwa gidan soja ya tafi ba a ɗora masa kaya ba. Idon Baba na hagu ya yi yana. Yana ɓoyewa, amma mu da muke ba shi 'ya'yanmu a babur mun lura yana karkata kai in zai tsallaka titi. Mun yi karo-karo a Zumunta, kuɗin mota zuwa asibitin ido na ECWA da ke Kano ya samu, har da na Mama. Matsalar ita ce ya ƙi tafiya, wai wa zai kai yara makaranta. Mu ba ya jin maganarmu. Kai ne shugabansa, muna roƙo ka ba shi umarni irin na soja, Samanja ya ce zai ara maka murya in kana so.

Babban roƙon kuwa shi ne ka duba mana cikin masu bisharar da suka yi ritaya, waɗanda har yanzu da sauran ƙarfi, ka turo mana wasu mata da miji su zo su bi bayan waɗannan tun suna iya tafiya. Aikin nan ba a koyonsa a aji. Sai an bi Mama an ga inda take zama in ta shiga gidan makoki, an ga lokacin da take yin shiru. Ɗakin da ke kusa da nasu zai zama fanko ƙarshen wata, mun riga mun yi magana da mai gidan. Kuma barikokin da ke Jaji da Bauchi da Maiduguri, matan da aka yi wa canji zuwa can suna bugo mana waya suna tambaya ko akwai irinsu da za a ba su.

Ga 'yar tsarabarmu, buhun dankalin Turawa daga gonar Baba, wanda rabinsa sojojin da na faɗa maka ne suka noma, da kwanon acca daga matan layinmu. An dafa gwate, yana jira a ɗakin taro bayan sujada. Mun ji direbanka yana cewa da yamma za ku juya. Magajiya ta ce in gaya maka an gyara ɗakin baƙi, an sa bargo biyu, in ka yarda ka kwana, Baba zai zo ya ɗauke ka ƙarfe 5:30 na asuba. Akwai wuri a bayan babur, sai dai za ka riƙe yaro ɗaya a cinya.

Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Mawaƙan Zumunta, ku taso.