Fodkas: Ta Wace Ƙofa Bairos ɗin Harpis Ke Shiga Jijiya?

Malama: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu tattauna a kan bairos ɗin harpis, musamman HSV-1 wanda ke kawo ƙurajen gefen leɓe, da yadda yake kutsawa cikin jijiyoyi ya zauna har ƙarshen rayuwar mutum. Dakta, me ya sa muka zaɓi wannan batu?

Dakta: Saboda yawan masu ɗauke da shi, Malama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da HSV-1, kuma mafi yawansu ba su ma san da zamansa ba. Abin lura shi ne bairos ba ya huda ƙwayar halitta da ƙarfin tsiya, sai ya sami wani furotin a fatar ƙwayar, wanda ake kira makarɓi, da ya dace da nasa furotin, kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗo.

Malam: To ki bi da mu daki-daki, Dakta. Idan bairos ɗin ya sauka a kan leɓe, me ke fara faruwa?

Dakta: Da farko furotin biyu na jikinsa, gC da gB, suna manne wa wani sinadari mai suna hefaran salfet, wanda ke lulluɓe da galibin ƙwayoyin jiki, amma wannan riƙo ne kawai, shiga ba ta samu ba tukuna. Sai furotin gD ya kama makarɓi na gaske, kuma da zarar ya kama shi siffarsa takan sauya, ya motsa gH da gL, su kuma su motsa gB, wanda ke haɗe fatar bairos da fatar ƙwayar su zama ɗaya. Idan aka rasa ko ɗaya daga cikin huɗun nan, wato gD da gH da gL da gB, shiga ta gagara.

Malama: Waɗanne ne makarɓan da gD ke nema?

Dakta: Biyu ne suka fi shahara. An gano HVEM a shekarar 1996 a ɗakin binciken Patricia Spear na Jami'ar Northwestern da ke Amurka, sannan aka gano nektin-1 a 1998. HVEM ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki, shi kuwa nektin-1 yana kan fata da kuma jijiyoyi, inda aikinsa na asali shi ne liƙe ƙwaya da ƙwaya, har da mahaɗar da jijiya ke isar da saƙo ga 'yar'uwarta.

Malam: Wannan shi ne ya fi ɗaure mini kai. Ke nan jiki ba zai iya toshe wannan ƙofa ba, tunda shi kansa yana bukatarta.

Dakta: Haka yake, Malam, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. An gwada a kan ɓeraye waɗanda aka cire musu nektin-1, aka zuba musu bairos ɗin kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, sai aka ga ba su kamu da kumburin ƙwaƙwalwa ba, alhali waɗanda aka cire wa HVEM kaɗai sun kamu.

Malama: Bayan ya shiga bakin jijiyar, ina ya nufa?

Dakta: Yakan hau wani furotin mai suna dainin, wanda aikinsa jigilar kayan ƙwayar ne daga nesa zuwa cibiyarta, ya kai shi wani ƙullin jijiyoyi da ke gindin ƙoƙon kai, mai kula da jin taɓi a fuska. A can yake lafewa, ya dakatar da kusan dukkan ayyukansa, ƙwayoyin garkuwa na CD8 suna gadinsa. Idan zazzaɓi ko zafin rana ko raunin garkuwa ya tashe shi, sai ya biyo jijiyar ya dawo leɓe. Danginsa mai kawo ƙaranbau ma haka yake lafewa, duk da cewa shi ba shi da gD, ta wata hanyar yake shiga.

Malam: Kin ambaci kumburin ƙwaƙwalwa. Yana samun mutane?

Dakta: Yana samu, sai dai ba kasafai ba. Idan ya auku yakan taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke wajen kunne, ya zo da zazzaɓi da ruɗewa da farfaɗiya, kuma idan ba a yi magani ba yana kashe kusan kashi 70 cikin 100. Maganin asaikulobir, wanda ya fito daga binciken Gertrude Elion da ta sami kyautar Nobel a 1988, ya rage mace-macen ƙwarai idan an fara shi da wuri ta jijiyar jini.

Malama: Shin maganin yana kawar da bairos ɗin baki ɗaya?

Dakta: A'a, domin yana aiki ne kawai a lokacin da bairos ɗin ke hayayyafa, wanda ya lafe a cikin jijiya kuwa ba ya hayayyafa balle maganin ya same shi. Shi ya sa masu bincike suka mayar da hankali kan gD da gB, ko za a sami rigakafin da zai tare shi tun kafin ya kai bakin jijiya, ko da yake har yanzu ba a amince da wata allurar rigakafin HSV ba.

Malam: Mun gode, Dakta. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.